Muryar da Ya Sani

Tun da mijina ya ajiye jakarsa a bakin ƙofa abu ɗaya yake nema, kuma abin ya ƙi samuwa.

Aikinsa haƙa rijiyar burtsatse ne. Duk inda ƙasa ta ji ƙishirwa, can kamfani ke kai su da injinsu, su yi watanni ba a ga ƙeyarsu ba. Lokacin da ya tafi, abin da ke cikina bai wuce ƙwayar wake ba, in ji nas ɗin da ke mana awo, amma wai har zuciyarsa ta fara bugawa. Duk abin da ya biyo baya, a waya mijina ya ji shi. A waya ya ji cewa yatsu sun fito, har da farata. A waya ya ji labarin motsin farko, ranar da nake tsaye ina guga na ji kamar ɗan kifi ya juya a cikin kwano. Da aka yi mini hoto aka ga yaron yana tsotsar babban yatsa, na aika masa, ya ce shi dai gajimare yake gani, amma gajimaren ya yi kama da ni.

Yanzu cikin ya shiga wata na bakwai. An ba shi hutun da bai kai a kira shi hutu ba, kuma in ya koma, ba zai sake zuwa ba sai bayan haihuwa.

Da la'asar ya wanke hannu har sau biyu, duk da baƙin man inji ya riga ya zauna a layukan tafinsa. Ya durƙusa gaban kujera, ya ɗora hannun a kan cikina a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Ya sassauta murya ƙasa-ƙasa.

"Baƙona, Babanka ne. Ɗan gaishe ni mana."

Shiru.

"Wallahi yanzu ya gama dambe," na ce. "Kafin ka shigo har haƙarƙarina ya hara."

Yayata, wadda ta zo zama da ni tun da cikin ya yi nauyi, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Mai Burtsatse, ci gaba da haƙa, wataƙila ka tarar da ruwa."

"Yaya, ki taya ni roƙo mana," in ji mijina.

"Ni? Ai gado ne. Uban ma sai an yi ta cigiya ake ganinsa."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idanunsa ba.

Babu dabarar da ba mu yi ba. Na sha ruwan sanyi. Na kwanta ta gefen hagu. Na tsotsi alawa har ta gundure ni. Ya yi ta rarrashi da raɗa, yana yi masa alkawarin keke, yana ba shi haƙuri kan laifin da bai faɗa ba. Da ya shiga wanka, sai yaron ya kama shaƙuwa, cikina na ɗan tsalle-tsalle. Na ƙwala masa kira, ya fito da kumfa a kunne, kafin ya iso an yi tsit. Haka washegari, haka ranar da ta biyo.

Ranar komawarsa, yana ɗaure igiyar takalmi, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Amarya, yaron nan bai san ni ba."

Har yau Amarya yake kirana. Na buɗe baki in ce barci ne, ai nas ta ce yawancin lokacinsu barci suke yi, sai ya riga ni.

"In na dawo zan ɗauke shi, in Allah ya yarda, in goya shi ma in kin bari. Amma wannan zaman da yake yi a cikinki ba zai sake yin sa ba. Ke kin san shi tun yana wake. Ni ko sallama ba mu yi ba."

Na ɗauki mayafina na ce zan raka shi tasha, ya ce rana ta yi zafi, na ce ai ba a kansa za ta sauka ba.

Tashar cike take da hayaƙi da ihun masu lodi. Ya sami wuri a bakin taga cikin wata ƙaramar bas da injinta ke ruri kamar zai tsage. Na tsaya a gefe ina kallon gefen fuskarsa, ina tara ta a raina saboda watannin da ke tafe. Sai ya tuna wani abu, ya leƙo, ya ɗaga murya don ta rinjayi ƙarar motar.

"Amarya! Kina ji na? Maganin ƙarin jinin nan, kar ki yi wasa da shi!"

Wani irin naushi na ji a ƙarƙashin cibiyata, har na dafa motar.

Nan take na gane. Tun da nas ta ce kunnuwan yaron sun buɗe, kullum mijina ya kira sai in ƙara sautin wayar in ɗora ta a kan cikina. Shi kuwa daga bakin aiki yake kira, injin haƙa na ruri a bayansa, yana ihu don in ji. Muryar da ɗana ya sani ke nan. Wannan mai raɗar da ya zo gidanmu, baƙo ne a wurinsa.

"Sake faɗa!" na ce. "Da ƙarfi!"

"Me?"

"Ka yi ihu, na ce! Kawo hannunka!"

Na jawo hannunsa ta taga, na cusa shi ƙarƙashin mayafina. Kunyata ranar nan ban san inda ta shiga ba. Wata dattijuwa da ke kusa da shi ta riƙe haɓa. Direba ya waiwayo.

"Malam, in awo za ku yi, asibiti na gaba!"

Mijina bai ko ji shi ba. "Kina ji na?" ya ƙwala. "Kai, kana ji na? Ni ne!"

Wani ɗan tudu ya taso a ƙarƙashin tafinsa, mai tauri, dunduniya ce ko gwiwa, ya ture shi, ya zame, ya sake dawowa. Na ga bakin mijina ya buɗe. Mutumin da ke fasa dutse ya nemi ruwa, sai ga ruwan a idanunsa, yana gangarowa cikin gemu.

"To, ya isa haka, ɗana," in ji dattijuwar, ita ma tana share ido da bakin mayafi. "Kar ka kurmantar da mu, ya ji ka."

Motar ta motsa. Na bi ta taku kaɗan, hannunsa na zamewa daga cikina zuwa yatsuna, daga yatsuna zuwa iska. Yana ta faɗin wani abu, ƙarar tasha ta haɗiye shi.

Yaron bai daina ba. Yana ta bugu, dama da hagu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofofi yana tambayar ina mai muryar ya shiga. Na san in na kama hanyar gida, tafiyar za ta jijjiga shi ya yi barci, ya bar ni ni kaɗai da kewar. Sai na nemi benci a inuwar rumfar masu jira, na zauna.