Miyar Gashin Japan a Gidan Dakta Mu'azzam

Kamil ya tsoma cokali a tukunya ya ɗago, ya ja yatsa a bayansa. Layin ya tsaya bai rufe ba, miyar ta yi kauri yadda ake so. Ya kashe gas, ya lashi yatsan, ya lumshe ido.

Tun saukowa daga Juma'a yake tsaye a ɗan kicin ɗinsa na unguwar Malaz a Riyad. Soya sos ɗin na Japan ne na asali, sai da ya zaga manyan kantuna kafin ya samu, ba irin na bakala, ƙananan shagunan unguwa, mai ɗan karen gishiri ba. Ya goga tuffa da albasa, ya daka tafarnuwa da ɗanyar citta, ya zuba zuma da man riɗi. A Osaka, inda kamfani ya tura shi kwas bara, da wata giyar shinkafa mai zaƙi suke haɗawa. A Riyad ko sunanta ba a ambata, shi ma ba ya so, sai ya maye gurbinta da ruwan farin inabi da ɗan khal mai tsami da sukari. Kwalba biyu ya cika, ɗaya ta jiƙa nama, ɗaya ta dangwale.

Yau Dakta Mu'azzam zai yanke hukunci. Shi ne yayan Jidda, wadda Kamil ke neman aurenta, shi ne waliyyinta tun rasuwar mahaifinsu, kuma ta faɗa wa Kamil ƙarara cewa in Yaya ya ce a'a, ba za ta tsallake maganarsa ba. Shi ya sa da aka gayyace shi cin abinci ya roƙi a bar masa girkin. So yake su ga injiniyan da ya zaga duniya. Abin da ba ya so su gani yana can kasuwar Funtuwa, bayan wani teburi mai ƙuda, inda mahaifinsa da kakansa suka tsufa da wuƙa a hannu. Ya ce wa Jidda tsohon nasa harkar dabbobi yake yi. Ya san gidaje irin nasu, masu ƙirga kakanni alƙalai, ba sa ba ɗan mahauta 'ya. Don haka naman ma yankakke ya sayo, na inji, sirara a cikin roba, kada hannunsa ya kusanci wuƙa.

Ya yi ta kewaye shingayen aikin jirgin ƙasa da suka farfasa tituna, bai isa gidan Dakta a unguwar Nasiriya ba sai bayan la'asar. Isiyaku direban gidan, dattijo mai furfura a gemu, shi ya buɗe masa ƙofa ya karɓi kaya.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Gashi za a yi? Ai da ka faɗa da na fito da yajin ƙulina, sabo ne, daga Zariya aka aiko mini."

Kamil ya dube shi sama da ƙasa. Mutum ya ƙetare teku, ya shekara ashirin a ƙasar mutane, har yanzu duniyarsa ba ta wuce ƙullin yaji a leda ba.

"Ba tsire za a yi ba, Malam. Kai dai hura gawayi."

"To, ranka ya daɗe."

An shimfiɗa darduma a tsakar gida, fanka mai feshin ruwa tana ta huci. Dakta Mu'azzam na kishingiɗe da jallabiya, ya miƙo masa yatsu uku suka gaisa. Matarsa Hajiya Turai ta fito tana gyara mayafi, ta amsa gaisuwar Kamil a taƙaice, ta wuce kai tsaye wajen kayansa. Ta tagar kicin ya hango Jidda ta ɗaga labule, ta yi masa murmushi.

Hajiya ta ɗaga robar naman da yatsu biyu.

"Wannan fa? Ostiraliya? Wa ya yanka, wa ya gani?"

"An rubuta halal a jiki, Hajiya."

"Rubutu! Mu a gidan nan ba ma cin abin da ya hau jirgi yana ƙanƙara. Isiyaku, ɗauko cinyar san da aka kawo da safe." Ta buɗe kwalba ɗaya ta shinshina, ta yamutsa fuska. "Dakta, ji, kamar maganin tari."

Dakta ya yi dariya. "Ƙyale shi, Hajiya, mu ga abin da Japan ta koya masa."

Kamil ya dubi cinyar da aka dire a gabansa. Ya ce Isiyaku ya yanka. Dattijon ya durƙusa ya hau saran nama gunduwa-gunduwa kamar na farfesu. Kamil ya kawar da kai. Duk saran da wuƙar ta yi ba bisa jijiya ba sai ya ji shi har cikin haƙoransa. Ya kwashe, ya jiƙa a miya, ya jera a kan wayar gashi.

Ba a jima ba hayaƙi ya turnuƙe. Zumar ta kama, bayan naman ya yi baƙi ƙirin, ciki kuwa jini ne tsagwaronsa. Dakta ya ɗauki guda ya tauna, ya tauna, ya jawo tishu ya tofar a hankali.

"Injiniya, haka Japanawan suke ci, ko mu ne ba mu waye ba?"

"Alhamdu lillahi da na sa aka ɗora shinkafar kabsa," in ji Hajiya. "Kwas ɗin nan dai an yi asarar tikiti."

"Ba laifin miyar ba ne," Kamil ya ce, muryarsa ta ɗan tashi. "Naman ne ya yi kauri. Sirara ake yi masa kamar takarda, ya taɓa wuta a juya a sauke."

Isiyaku ya miƙe yana dafa gwiwa. "To ni direba ne, Injiniya. Ga wuƙa."

Kamil ya dubi wuƙar. Ya dubi Hajiya tana danne dariya da bakin mayafi. Ya dubi taga, murmushin Jidda ya tafi. In ya tashi a haka, sunansa a gidan nan ya zama mai ƙona nama, ɗan ƙaryar da ya je Japan ya dawo da maganin tari. Tun saukowa daga Juma'a yake kan miyar nan, kuma ya san babu kamarta a duk Riyad. Waɗannan mutanen da ba su san komai ba sai shinkafa da kitsen rago su za su yi masa dariya?

Ya karɓa.

Ya gwada bakinta da babban yatsa, ya yi tsaki. Ya kifar da wani farantin tangaran ya wasa ta a gindinsa, gaba da baya, har ƙarar ta sauya. Ya jawo sauran cinyar, ya zare farar tantanin da ja ɗaya, ya bi saɓar tsoka ya raba ta. Sai ya ɗaga tsoka guda a hannun hagu, a iska, ba katako ba faranti, ya sa wuƙa yana juyawa yana buɗewa. Naman ya riƙa warwarewa yana sauka kamar ana kwance rawani, shara-shara har ana ganin hasken yamma ta cikinsa. Ya manta da Dakta, ya manta da Osaka. Da ya gama ya share wuƙar a cinyarsa, gefe da gefe, ya soke ta a bakin tire.

Ya yayyanka, ya tsoma a miya, ya shimfiɗa a wuta. Ƙamshi ya tashi, na tafarnuwa da riɗi da zuma da ta narke ba ta ƙone ba. Ya juya, ya sauke, ya tura wa Dakta da ƙaramin kwanon dangwale.

Dakta ya ci ɗaya. Ya gyara zama ya ci na biyu. Hajiya ma ta miƙo hannu ta ɗauka. Tire ya tashi fes, Kamil ya sake cikawa, zuciyarsa fal. Su ci mana, su san bambancin wanda ya fita da wanda aka fitar.

"Masha Allah," in ji Isiyaku daga bakin murhu, yana fifita gawayi. "Amma Injiniya, wannan ba a Japan aka koyo shi ba. Na yi maƙwabtaka da mahauta a Tudun Wada. Wannan hannun kilishi ne, kuma na gado."

Kamil ya yi wata 'yar dariya. "A waya na gani, Malam. Yanzu komai akwai a bidiyo."

"Har da share wuƙa a cinya?"

Duka suka dubi wandonsa. Farin yadi mai tsada, ga shatar jini biyu a kan cinyar dama, ɗaya kusa da ɗaya.

Hajiya Turai ta ajiye naman da ke hannunta.

"Jidda ta ce mahaifinka harkar dabbobi yake. Ni ce ban tambaya ba. Masu tafiya da ƙafarsu, ko na rataye?"

Fanka ta juyo ta fesa musu ruwa ta wuce.

Dakta ya cinye na gabansa tsaf, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Gaskiya ban taɓa cin nama mai daɗin wannan ba," ya ce. "Kuma ka zo a kan gaɓa, layya ta matso. Bara wani muka samo a titi ya ɓata mana rago, ya huda fata ya fasa tumbi. Bana ka zo mana bayan an sauko idi."

"Ranka ya daɗe, maganar da ta kawo ni..."

"Fata da wuya naka ne, kamar yadda ake yi a gida," Hajiya ta katse shi da murya mai laushi. "Mu ba ma tauye wa mai sana'a haƙƙinsa." Ta zuba sauran naman a wani kwanon silba. "Isiyaku, ku tafi da wannan ɗakinka ku ci a can, Dakta zai huta."

Kamil ya ɗaga ido ga tagar kicin. Jidda na tsaye, ta ji komai. Ta dube shi, ta dubi yayanta, sannan ta saki labulen.

Isiyaku ya ɗauki kwanon ya yi gaba, ya waiwayo daga bakin lungun da ke bi ta bayan gareji.

"Taho mana, Injiniya, kafin ya huce. Ka riƙo kwalbar nan, ni dai miyar ta yi mini."