Toka a Kan Sabon Siminti

Gidan Domnica a kan tudu yake, kuma tun tana amarya hanya ɗaya ce ke sauka daga ƙofarta zuwa titi. Mijinta, marigayi Ilarie, shi ya jera ta da duwatsun rafi, kowane dutse da irin tasa karkatar. Ba ta da kyan gani, amma ƙafa na samun wurin kamawa. In ƙanƙara ta kwanta, sai Domnica ta kwashi tokar murhu ta watsa don rage santsi, ta sauka abinta.

Bayan rasuwar Ilarie, ɗansu Octavian, wanda kowa ke kira Tavi, ya zo hutu daga Torino, birnin ƙasar waje inda yake aiki, da sabuwar mota, duwatsun suka karce mata ciki. Shi ke nan fa. Kafin sanyi ya shigo ya sa an tone su tas, aka zuba siminti fari fat, aka goge shi har yana sheƙi, irin wanda yake gani a gidajen da yake yi wa aiki. Bai tsaya nan ba, ya cire murhun itace ya sa mata na lantarki, don kada ta ƙara wahalar faskare. Yaron na son uwarsa, wannan babu ja. Sai dai irin son nan ne da ba ya tambayar mutum abin da yake so.

Ranar komawarsa ya kafa mata dokoki. Ban da watsa gishiri na narkar da ƙanƙara, don mai aikin ya ce sabon siminti in ya sha gishiri a sanyin farko sai ya yi ta ɓarewa. Ban da toka, za ta baƙanta shi. Ban da shebur na ƙarfe, ga na roba nan. Ya kuma maƙala kyamara a ƙarƙashin rufi, wai saboda ɓarayi, tana kallon hanyar daga sama har ƙasa, hoton na zuwa wayarsa. Sannan ya faɗi maganar da ta tsaya mata a rai: in ta kuskura ta faɗi ko sau ɗaya, zai zo ya tafi da ita Torino. Ta san ɗakin da ya tanadar mata, can saman bene, da taga ɗaya mai kallon bangon wasu.

Sanyi ya zo da halinsa. Dusar ƙanƙara ta zuba, rana ta ɗan narkar da ita, ruwan ya bi gangare, yamma ta daskarar da shi. Hanya ta zama gilashi. Shebur ɗin roba ya tsage a gwajin farko. Domnica ta ɗora ƙafa ɗaya tana dogare da sanda, sandar ta zame ta tafi ita kaɗai har bakin titi. Ta koma ciki, ba ta ƙara gwadawa ba.

Ƙawarta Saveta, wadda ke tsallaken titi, ita ke sayo mata burodi da madara. Mijin Savetar, Gherasim, ya jefo igiyar shanya, Domnica ta ja jakar zuwa sama.

"Yau ma sarauniya ba za ta sauko ba?" in ji Saveta daga ƙasa. "Ke dai bari in aiko miki da bokitin toka. Wa zai sani?"

Domnica ta nuna kyamarar da haɓa. "Ga mai sani nan. Ko ƙyaftawa ba ya yi."

"To ki ɗaura masa ɗankwali mana."

Ai Domnica ta taɓa gwadawa. Ko shayinta bai huce ba waya ta yi ƙara, Tavi na tambaya ko kyamarar ta lalace.

Kullum ya kira, amsarta ɗaya ce, lafiya lau. To me za ta ce? In ta faɗi ƙasa, Torino. In ta ce ta kasa fita, Torino. Ta zauna a gidanta mai ɗumi, tana jin ƙararrawar coci daga nesa, tana jin haushin ɗanta, tana kuma jin kunyar jin haushin nasa.

Ana nan cikar shekara da rasuwar Ilarie ta zo. Ta dafa alkama da zuma, ta daidaita ta a tire, ta zana gicciye a kai kamar yadda ake yi wa kowane mamaci. Saveta ta ce a sauko da tiren da igiya, ita za ta kai coci. Domnica ta ƙi. Alkamar mijinta ba za a ja ta da igiya kamar akuya ba, kuma lokacin da za a ɗaga tiren ana waƙar addu'a, hannun matarsa ya kamata ya kasance a kai.

Da safe ta sa baƙaƙen kayanta, ta ɗauko tsohon buhun garin masara ta shimfiɗa a bakin gangaren. Ta zauna a kai, ta rungume tiren a cinya, ta ɗaga kai ta dubi kyamarar ido cikin ido, ta tura kanta. Buhu ya kwashe ta fiye da yadda ta zata. Ɗankwali ya tashi, iska ta cika mata baki, sai ga ta tsundum cikin tarin dusar ƙanƙara a bakin titi. Ko ƙwayar alkama ɗaya ba ta zube ba. Saveta ta yi dariya har da hawaye, ita ma Domnica ta yi, karon farko tun shigowar sanyi.

A coci ta riƙe tiren da hannu biyu, ta yi kukanta son ranta. Da suka dawo ta tarar Gherasim bai yi shawara da kowa ba, ya watsa toka tun daga titi har ƙofarta, baƙin layi a kan farin siminti. Ta hau a hankali. Ƙafarta na kama ƙasa kamar zamanin duwatsun Ilarie, har ta ji ta fi ƙarfin komai.

Tun daga ƙofa ta jiyo waya na ƙara. Ta shirya amsar faɗan toka kafin ta ɗauka, amma Tavi ko ambaton tokar bai yi ba. 

"Mama, na gani. Tun safe nake maimaita kallon hoton saukarki. Ki fara haɗa kayanki, ina tafe."

"Tavi, ban faɗi ba fa. Zama na yi."

"Na sani, Mama. Shi ya sa zan zo in ɗauke ki."

Ta ajiye wayar. Ba ta cire takalmanta ba, ta ja kujera zuwa taga ta zauna. Dusar ƙanƙara ta sake saukowa, tana rufe tokar kaɗan-kaɗan tun daga ƙasa.