Kififiyar da Sanda Ya Kankare

Sanda mutumin Yawuri ne, masunci ɗan masunci, kuma duk wanda ya zauna da shi na minti goma sai ya ji cewa a cikin kwale-kwale ya yi rarrafe, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Shekararsa shida a Dubai yana aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa mai ɗaukar masu kamun kifi don nishaɗi. Har yau abin bai daina ba shi mamaki ba, a ce ƙato ya sha rana, ya yi kokawa da kifi har tafin hannunsa ya saɓule, sannan ya ɗauki hoto ya mayar da kifin cikin ruwa. Amma ya koyi yin shiru. Shi ke ɗaura ƙugiya, shi ke yanka abin tarko, shi ke wanke daɓen jirgi. Duk ƙarshen wata kuma sai a jawo jirgin tudu, ya ɗauki wani faffaɗan ƙarfe ya kankare 'yan ƙwanson nan masu kaifi da ke mannewa a gindinsa. Bai taɓa riƙe sunansu na Turanci ba, shi dai ƙazuwar teku yake ce musu.

A ƙarshen Nuwamba zafin garin yakan karye, ruwa ya fara sanyi, kifin da Larabawa ke kira kanad ya matso kusa. Lokacin ne jirgin ba ya hutawa. Wata Asabar da sassafe suka ɗauki Injiniya Izzuddeen, wani Bakano mai ofis a Al Khabaisi, tare da abokan aikinsa biyu. Mutum ne mai fara'a da yawan surutu, wayarsa ba ta barin hannunsa ko da kifi na jan zarensa. Mai tuƙin jirgin, wanda kowa ke kira Nakhoda, dattijo ne Babalushe, ɗan wata ƙabila ta ƙetaren tekun, da bai cika haɗa kalma biyar a jere ba.

Wajen ƙarfe goma, sun yi nisa har dogayen benayen birnin sun ɓace, Sanda ya hango wani abu yana yawo a saman ruwa. Da farko ya ɗauka tsohon kwando ne. Da suka matsa sai abin ya ɗaga kai a hankali, ya ja numfashi.

"Kififiya ce!" in ji Sanda.

Ya zura homa ya kwaso ta. Kunkurun teku ce ƙarama, faɗinta bai wuce faifai ba, kuma ko wutsil ba ta yi ba da ya ɗora ta a daɓe. Ƙazuwar teku ta rufe ta ruf. Bayanta, wuyanta, fikafikan da take iyo da su, har gefen idonta na hagu, ko'ina ƙwanso ne a kan ƙwanso. Nauyinsu ya hana ta nutsewa, ya hana ta iyo. Sanda ya tsuguna a kanta, tausayi ya kama shi. Ya kashe kifi ba adadi a rayuwarsa bai taɓa jin komai ba, amma wannan halitta ba kama ta ya yi ba, tsintar ta ya yi, kuma tana kallonsa da ido ɗaya.

Nakhoda ya leƙo, ya nuna wata takarda da aka manna kusa da sitiyari, mai hoton kunkuru da lambar waya. Izzuddeen ya gwada kira, babu sabis ko ɗigo.

"Sai mun kusa gaɓa," in ji shi. "Kamar awa biyu ke nan, in mun gama."

"Awa biyu tana cikin wannan azaba?" Sanda ya ce. "Injiniya, dubi idonta fa."

Nakhoda ya ce masa cikin guntun Turancinsa ya bar ta kawai, habibi. Daidai nan zaren ɗaya daga cikin baƙin ya ɗauki ƙara, dattijon ya koma kan sitiyari, maganar ta tsaya a nan.

A wurin Sanda babu wani abin tunani. A gida, in saniya ta fito daga kogi da matsattsaku a hanci, ba a jiran likitan dabbobi, cirewa ake yi. In kaska ta kama kare, cirewa ake yi. Kuma wa ya fi shi sanin ƙazuwar teku a jirgin nan? Shekara shida yana fama da ita. Ya ɗauko ƙarfensa, ya wanke shi tas, ya yi bisimilla.

"Yalla, Malam Sanda, kai ne gwani," in ji Izzuddeen, ya saita waya. "Jama'a, ku ga aikin lada a tsakiyar teku."

Gaskiya a faɗe ta, Sanda bai yi garaje ba. Ya bi ƙwanson ɗaya bayan ɗaya, yana lallashin kififiyar kamar yana yi wa jinjiri aski. Na gefen ido da farcensa ya ɓanɓare shi. Wasu sun fita da sauƙi, wasu sun taho da ɓallin ƙoƙon bayanta, wurin ya yi ja, ɗan jini ya tsattsafo. Bai damu ba, ai ko kaska aka cire sai wurin ya yi jini. Da ya gama da baya sai ya juya ta rigingine, yadda ake yi wa kififiyar kogi, ya bi cikinta shi ma ya kankare. Ya ɗauraye ta da ruwan teku, ya shimfiɗa tawul a inda rana ta fi bugawa, ya kwantar da ita ta ji ɗumi. Ta fito fes, bayanta ruwan zuma da ratsin baƙi, har baƙin suka yi tafi. Sanda ya ji daɗi ƙwarai, irin daɗin da ya daɗe bai ji ba a wannan aiki.

Ya roƙi Izzuddeen ya tura wa Muhsinat bidiyon. Muhsinat 'yar ƙanwarsa ce, ita kaɗai ce jininsa a garin. Tana karatun halittun ruwa a jami'a, ranakun hutu kuma tana taimakawa a wata cibiya da ke jinyar kunkurun teku. Kullum yana tsokanarta cewa abin da take biɗa a littafi shi da shi aka haife shi. Yau ga hujja. Saƙon ya maƙale yana jiran sabis, su kuma suka ci gaba da kamun kifinsu har azahar.

Benaye na fara bayyana wayar Sanda ta ɗauki ruri, Muhsinat ce.

"Kawu, tsaya! Don Allah kar ka ƙara taɓa ta!"

"Ke, ko gaisuwa babu? Ai an gama tun ɗazu. Kin ga yadda ta yi kyau?"

Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Tana ina yanzu?"

"Ga ta nan a rana, tana shan ɗumi."

"Innalillahi. Kawu, ɗauke ta daga rana. Jiƙa tawul ka rufa mata, ka bar hancinta a waje. Kuna isowa ku taho da ita, zan tura wa Injiniya adireshin. Kar ka ba ta komai, kar ka shafa mata komai."

"Wai me ya faru ne?"

"Ka dai taho, Kawu."

Izzuddeen ne ya ja motar. Sanda na baya da robar wanki a cinya, kififiyar na ciki ƙarƙashin jiƙaƙƙen tawul. Tawul ɗin fari ne, kuma tun kafin su fita daga tashar jiragen ya ga ja yana ɓullowa ta wurare uku. Cunkoson yammacin Asabar ya riƙe su. Surutun Injiniya ya ƙare. Duk bayan ɗan lokaci Sanda sai ya ɗaga gefen tawul ya ga ko tana numfashi, bai ma san takamaimai abin da yake tsoro ba.

A ƙofar cibiyar Muhsinat na tsaye da wata likita. Likitar ta ɗaga tawul, ta ja numfashi ta hanci, ta karɓi robar ta shige ba tare da ta dubi kowa ba. Muhsinat ta zaunar da kawunta a wani benci. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa gyara masa magana ba tun tana ƙarama, don haka ƙasa take kallo tana bayani. Ta ce sanyin ruwa ne ke kashe wa ƙananan kunkuru jiki a wannan lokaci, su kasa motsi, shi ya sa ƙwanson ke samun wurin zama. Ba ƙwanson ne ciwon ba. In an kawo su, a ruwan daɗi ake sa su kwana biyu ko uku, ƙwanson ya mutu ya zube da kansa. Shi kuwa ƙoƙon bayan kunkuru ba katako ba ne, rai gare shi, akwai jini da jijiya a ƙarƙashinsa, kuma duk inda ƙarfe ya ɓalle ƙofa ce aka buɗe wa cuta a jikin da ba shi da ƙarfin faɗa da ita. Juya ta rigingine ya danne mata huhu. Ranar kuma ta busar da ita.

Sanda ya dubi hannuwansa. Akwai sauran farin garin ƙwanso a ƙarƙashin farcensa.

"Za ta tashi?"

"Ana ba ta ruwa da magani. Sai abin da Allah ya yi."

"To ni me zan yi?"

"Babu, Kawu."

Wannan kalma ta fi komai yi masa ciwo. Shi mutum ne da in abu ya lalace yake sa hannu, in zare ya harɗe ya warware, in inji ya ƙi tashi ya buɗe shi. Ga shi an ce ya naɗe hannu.

Bai iya zama ba. Lahadi da Litinin, yana tashi daga aiki sai ya wuce can maimakon ɗakinsu na Al Warsan, mota biyu yake hawa kafin ya isa. Muhsinat ta roƙa masa izini a matsayin wanda ya tsinto ta, aka bar shi ya tsaya bayan wani jan layi da aka zana a ƙasa. Kififiyar na cikin wani baho mai ruwa kaɗan, an shafe raunukan da farin magani. Ya ƙirga su, goma sha tara ne. Ya san kowanne, ya tuna yadda ƙarfen ya shiga. Ran Lahadi ya zo da ɗanyen kifi a leda, aka ce ba ta iya ci. Ran Litinin ya tambaya ko man kaɗanya zai taimaka, Muhsinat ta girgiza kai kawai. Sai ya tsaya da hannuwa a baya yana jiran ta ɗaga kai ta ja numfashi, in ta ja shi ma ya ja.

Wayarsa kuwa ba ta huta ba. Tun a jirgi Izzuddeen ya saka bidiyon a zauren Hausawan Dubai, kuma ko da ya goge, abin ya riga ya zaga. 'Yan kasuwar Naif, ɗalibai, har wani ɗan'uwansa a Yawuri, kowa na turo Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara irinku. Ya fara rubuta wa mutum biyu cewa kuskure ne, suka amsa da cewa tawali'unsa ya burge su. Daga nan ya kashe wayar.

Ran Talata da la'asar ya tarar da Muhsinat a bakin ƙofa tana jiransa. Bai bari ta wahala wajen faɗa masa kififiyar ta mutu ba.

"Yaushe?"

"Da hantsi."

Ya gyaɗa kai. Ya ce yana so ya ga wurin duk da haka, ta bi shi ciki. An wanke bahon an kife shi. Ya tsaya a bayan jan layin kamar kullum, don bai san inda zai sa kansa ba. A lokacin ne ya lura da bahon da ke gefe, wanda kwana biyu yana wucewa bai kalla ba. Wata kififiya ce a ciki, tsarar wadda ya kawo, mummuna, rabin bayanta har yanzu ƙwanso ne, sauran ya zube a gindin ruwan kamar tsakuwa. Wani ma'aikaci ya jefa mata yankin kifi. Ta miƙa wuya ta cafke, ta juya da ƙarfi har ruwa ya fantsalo wa Sanda a ƙafa.

"Wannan fa?" ya tambaya.

Muhsinat ta dubi bahon.

"Ita ma ran Asabar aka kawo ta. Wani mai sharar bakin teku ne ya tsince ta."

"Ta kai tawa lalacewa?"

"Ta fi ta, Kawu. Idonta duka biyu a rufe suke da ta zo."

"Me ya yi mata?"

"Bai yi mata komai ba. Tsoronta ma yake ji. A bokiti ya sa ta, ya kira lambar, ya zauna yana jira."

Sanda ya daɗe yana kallon kififiyar tana cin kifinta. Muhsinat ta matso ta ce ai niyyarsa alheri ce, Allah ya gani. Ya ce ya sani. Sannan ya tambaye ta, a hankali, ko da a ce wani ne ya hango ta ran nan ba shi ba, wani da bai san ruwa ba, da yanzu tana nan.

Muhsinat ta buɗe baki, ta rufe. Ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, kuma ba ta fara ranar ba.