Nonon Matan Yazawa

A unguwarmu ta garin Paraku magana ta bazu cewa duk macen da ta koma aikin fasa ƙwallon yazawa da goyo, nononta dafi yake zama. Wai zafin tukunyar gashi ne ke dafa shi a ƙirji, yaro na sha bakinsa ya saɓule. Na yi shekaru ina koyarwa kafin in ajiye alli, kuma na ji irin wannan zance har na gaji, shi ya sa tsaki kawai na yi. Sai aka binne 'yar maƙwabcinmu. Saboda wannan magana aka cire ta daga nono tana wata huɗu, aka koma ɗura mata koko, gudawa ta tafi da ita. Daga ranar na daina tsaki.

Bake, matar ɗan ƙanena, ta koma masana'antar yazawa tun ɗanta Tori bai cika wata uku ba, don an ce in ta ƙara jinkiri wata za a ba kujerarta. Takan bar shi wurin uwar mijinta, Buyon. In an tashi cin abincin rana ta hau babur ta zo a guje ta shayar da shi, ta koma. Ba a jima ba leɓɓan yaron suka yi bororo. In ya kama nono sai ya saki da ƙara. Ranar da na leƙa, na ɗora yatsa a maɗigarsa na ji ta fara lotsawa.

Buyon ta ce, "Yaya, zo ki gani da idonki, tunda ku 'yan boko sai kun gani."

Ta sa Bake ta tatsa a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa. Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil, can ta yi shiru.

"Kin gani? Gobe da safe zan shafa mata shuwaka a nono, in tafi da jikana ƙauye. Ga koko, ga madarar shanu."

Bake ta durƙusa. "Inna, don Allah. Haka aka yi wa ta gidan can."

"Ta gidan can kwananta ne ya ƙare. Ke kuma da kika fi son yazawa da ɗanki, rufe mana baki."

Na aika aka karɓo madara wurin mai cuku, na zuba a ludayin, na jefa wata tururuwar. Ita ma ta mutu. Na gwada da ruwan randa, haka.

Na ce, "To, Buyon, randarki ma aikin yazawa take zuwa?"

"Yi dariyarki. Bakin yaron fa? Tururuwa ce ta ƙona shi?"

Abin da ya fi tsorata ni ke nan: gwajinta shirme ne, amma ƙunar gaskiya ce. In nonon ne fa? In na hana a cire shi, bakin ya ci gaba da ruɓewa har ya kasa haɗiya?

Da Bake ta dawo da yamma na zauna na zuba mata ido. Ta ɗauraye hannu da ruwa sama-sama, don Tori na ta tsala kuka. Kafin ta ɗauke shi ta juya bayan ɗaki, ta kama kan nonon da yatsu ta matse, ta zubar a ƙasa. Kowace mace a nan haka take yi in ta shigo daga rana. An ce na farkon ya ɗau zafi, ba a ba yaro. Na dubi yatsun. Baƙi ƙirin suke, duk sun tsage, man ɓawon yazawa ya shige ƙarƙashin farce. Na dubi kan nonon, shi ma ya yi ja ya sale.

"Tsaya, kar ki ba shi tukuna."

Na wanke mata ƙirji da sabulu da ruwan ɗumi, na tatsa da hannuna a kofi mai tsabta, muka ba Tori da cokali. Ragowar na shafa a cikin damtsena na dama. Sannan na kama ɗan yatsanta na goga da ƙarfi a na hagu.

"Goggo, in na daman ne ya tashi fa?" in ji Bake.

"Sai mu san abin yi," na ce, alhali ban san abin da za mu yi ba.

Da gari ya waye Buyon ta riga ta ɗaure kayan yaron, ga shuwaka a turmi, ga mai babur a ƙofar gida. Bake na tsaye ta ƙanƙame Tori. Na naɗe hannun rigata a gabansu. Damtsen dama sumul. Na hagu ya yi ja, ya tashi bororo, irin na bakin yaron sak.

Nonon Bake lafiyarsa ƙalau. Man yazawar da ke yatsunta ne take shafa wa kan nono duk lokacin da ta matse na farkon ta zubar.