Jakar da ke Kan Kujera

…kuma yau ma ga jakar nan a kan kujera. Baƙa, zif ɗinta a lalace, an ajiye ta daidai inda Auta take sha'awar zama, layin gaba kusa da taga. Doguwar nan ce mai ajiyewa. Tun da suka shigo jami'a haka take yi — da ta hango Auta a bakin ƙofa sai ta ɗora jaka, ta ɗago kai, ta yi murmushi. Murmushin me? Mutum ya tare miki wuri sannan ya washe miki baki, in ba rainin hankali ba mene ne wannan?

Auta ta wuce. Kullum wucewa take yi. Can baya, inda fanka ta mutu, inda ƙusar benci take kama zane. Iyafis a kunne, wayarsa ta gangara cikin aljihu, ba a jone da komai ba. Dabarar kanta ce, har alfahari take yi da ita: ba mai yi wa mai iyafis magana, ita kuwa tana jin kowa tas.

Yau ne fa. Malam ya ce yau kowa zai faɗi abokin aikinsa na ɗakin gwaji, bibbiyu, wanda bai samu ba ba zai taka ɗakin ba, makin ya tafi ke nan. In makin ya tafi darasin ya tafi. In darasin ya tafi… Yaya. Yaya a ƙofar kicin tana goge hannu: wannan? Wadda in baƙo ya yi sallama take shigewa bayan labule? Ku ba ta zango ɗaya ku gani. Umma ta yi dariya, ba da mugunta ba, amma dai ta yi. Kuma Yayar ce dai ta zaunar da ita a bakin gado ranar tafiya — kar ki yarda da kowa, duk wadda ta cika yi miki fara'a akwai abin da take nema, ko ki yi mata aiki ko ta mai da ke abin dariya. To ga shi ta riƙe. Ta riƙe gam.

Suna kallonta. A'a, allo suke kallo. A'a — mai gilashin nan ta waiwayo, ta taɓa Doguwa, sun haɗa kai. Me ta yi? Takalmin ne? Ai ta gaya wa Umma takalmin nan na 'yan sakandare ne. Ko kuwa rannan ne, da Malam ya jefo mata tambaya, amsar tana bakinta, ta san ta kamar sunanta, murya ta maƙale, aji ya yi tsit har wani ya yi tari… Doguwa ce ta yi caraf ta faɗi amsar. Don ta nuna ta fi ta, mana. In ba haka ba don me? Biron da ta miƙo mata ma, wa ya roƙe ta? Yau biro, gobe ara mini aikinki in duba.

Sun taso. Nan suka nufo — a'a, kwandon shara, yana bayanta. Ta sunkuyar da kai tana gyaɗa shi a hankali kamar mai bin kiɗa. Babu kiɗa.

"Ki tambaye ta mana," in ji mai gilashi.

"Na gaji, wallahi," in ji Doguwa. "Kullum sai na kama mata wuri, ko kallon kujerar ba ta yi. Ƙila ba ta son mutane ne. Ke zo mu yi tare kawai."

Kama wa… wa? Wata ce. Dole wata ce, ajin cike yake da mata. Ko sun gano iyafis ɗin na ƙarya ne, shi ya sa suka zo har nan suka faɗa, don ta ji, ta miƙe jiki na rawa, su kwashe da dariya? Zai yiwu. Yaya ta ce… Yaya ba ta taɓa ganin Doguwa ba. Yaya ba ta taɓa zama a bencin nan ba.

In ta yi magana yanzu, sun san ta ji. In sun san ta ji, sun san duk zangon nan zaune take tana satar jin hirar mutane. Wanne ya fi muni? Kunya ta rufe ta, mai zafi, har cikin ido.

Doguwa ta koma ta ɗauke jakar. Mai gilashi ta zauna. Shi ke nan?

Malam ya shigo, ko gaisuwa bai tsaya amsawa ba. "Wanda bai samu abokin aiki ba ya ɗaga hannu."

Auta tana bin aji da ido, layi-layi. Babu hannu ko ɗaya. Har saurayin nan mai barci kullum ya samu. Doguwa ta waiwayo, ba murmushi wannan karon, kallo kawai… me take jira? Hannu ne fa, a ɗaga shi, ba sai an yi magana ba. Yana kan cinyarta, ya yi nauyi kamar ba nata ba. Malam ya sake tambaya yana duba agogo. Ta gaji. Ita dai ta gaji da gadin kanta, kuma yanzu ba ta ma san wa take tsoro ba…