Ba a Liƙi a Goshin Jannat

"Ku tsaya! Masu kauri, kun sake riga masu siriri shiga."

Malama Surayya ta buga tafi ɗaya, 'yan matan suka yi shiru. Ajin da suke gwajin waƙar rabinsa ba rufi tun iskar daminar bara, don haka duk sun cunkushe a gefen da ke da inuwa, masu kaurin murya a baya, masu siririya a gaba.

"Amshi ba tsere ba ne," in ji ta. "Wace ce a cikinku ba ta taɓa lugude ba? In kika sauke taɓarya kafin 'yar'uwarki ta ɗaga tata, me zai faru?"

"Sai a kwana da kumburin baki, Malama," in ji Rashida daga baya.

Aka kwashe da dariya. Surayya ta bari dariyar ta lafa, sannan ta yi wa Jannat alama. Jannat ce mai ba da waƙa, 'yar aji biyar, siririya, wadda in ba ka ji ta ba sai ka rantse ba ta da murya. Ta ja numfashi ta ɗauko:

*Geronmu ya nuna a gona,*
*Wa zai kai mana magirbi?*

Sauran suka amsa, murya biyu a haɗe, ɗaya na bin ƙarƙashin ɗaya:

*Tsuntsu ya ci, muna kallo.*

Yaran ne suka haɗa baitocin da kansu. Da yawansu daga ƙauyukan wajen Zakka iyayensu suka taso suka shigo Safana, suka bar amfani a tsaye a gona. Surayya ta ɗora musu kalmomin a kan saukar taɓarya, ta raba muryoyin, ta yi ta fama da su har suka koyi jin juna.

Sallamar shugaban makaranta ce ta katse su. Malam Armaya'u ya sha sabuwar hula, don yau ce ranar raba kyaututtuka. Ya yafito ta waje.

"Malama, Alhaji Yusha'u ya tabbatar zai zo. Ina so ki sa sunansa a waƙar nan. Baiti ɗaya tak. Ki ce mai buhu dubu, ko garkuwar talakawa, ke dai kin fi ni sanin yadda ake jerawa."

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Ba a koya mana shi ba."

"Kar ki yi mini haka da safen nan."

"Waƙar ta waɗanda suka rasa gero ce. A wane baiti zan sa dillalin hatsi?"

Malam Armaya'u ya nuna mata saman ajin, inda rana ke leƙowa ta tsakanin katakai. "Ɗaga kanki. Mutumin nan ya ce zai rufa mana wannan da na kusa da shi. Ke kin karanta kiɗa a kwaleji, ni na karanta mutane. Babu mai ba da kwanon rufi sai ya ji sunansa."

"To a sa a jawabi. A rubuta a bango da fenti, ni zan sayi burushi. Amma ba a bakin yaran nan ba. Na yi wa iyayensu alkawari."

"Alkawari," ya maimaita, kamar ta ambaci wata cuta. Ya juya ya tafi yana gyara hula.

Ta bi shi da kallo. Tun ranar da aka turo ta makarantar nan, kullum sai ta hau babur daga Batsari ta zo ta tarar da wani abu. A ɗakin malamai Malama Zabiya suke kiranta, wasu a bayan ido, wasu a gabanta suna murmushi. Duk malamin da bai ƙare manhajarsa ba, darasinta yake ci, wai ai waƙa ce. Wayarta take kunna wa yara su saurari yadda goge ke kuka da yadda ƙwarya ke amsa masa, a ce tana ɓata tarbiyya. Ba ta taɓa kai ƙara ba, ba ta kuma taɓa sunkuyar da kai ba.

Abin da ya fi ba ta wuya shi ne samun yaran. Gida gida ta bi, ta cire takalmi, ta durƙusa, ta gaida na gaisarwa. A gidan su Jannat, wani ɗakin aro a bayan kasuwa, kakar yarinyar, Inno, ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce:

"'Yar nan, mu manoma ne. Gudun hijira ya raba mu da gona, bai mai da mu maroƙa ba. Ta yi waƙarta ta makaranta, ban hana ba. Amma ranar da ta wasa wani, ko aka manna mata kuɗi a goshi a bainar jama'a, ranar ta gama boko. Kin ji ko?"

"Na ji, Inno. A wuyana."

Da hantsi aka cika filin makaranta. An kafa rumfa, manyan baƙi a kujerun gaba, iyaye maza a bayansu, mata can gefe a kan tabarmi. Alhaji Yusha'u bai iso ba sai da aka yi rabin jawabai, aka tsayar da komai aka sake addu'ar buɗe taro dominsa. Mutum ne mai jiki da fara'a, yana ta ɗaga wa mutane hannu.

Da aka kira su, 'yan matan suka jeru cikin fararen hijabai. Surayya ta juya wa rumfa baya, ta fuskance su, ta ɗaga hannu.

Jannat ta ɗauko. Amshin ya sauka daidai, ba wadda ta riga wata. Kafin baiti na biyu hirar da ake yi a rumfa ta mutu. A gefen mata wata ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani dattijo da ke jingine da katanga ya ce "Allahu Akbar" a hankali, kamar wanda aka taɓa wa miki. Surayya ta ji tsigar jikinta na tashi. Wannan ne abin da take ta faɗa musu a ɗakin malamai suna dariya.

Sai ta ga idon Rashida ya kauce daga hannunta ya koma bayanta.

Ta waiwaya. Alhaji Yusha'u ya taso daga kujerarsa, hannu cikin aljihun babbar riga, fuskarsa cike da jin daɗi. Waƙar ta shige shi, ba shakka, kuma hanya ɗaya ya sani ta nuna haka. Ya zaro sababbin takardun kuɗi, ya nufi Jannat kai tsaye. Malam Armaya'u har ya fara tafi. Can a kan tabarmi, Inno ta miƙe tsaye tana neman takalminta.

Surayya ta dunƙule hannun da ke sama.

Muryoyin suka ɗauke gaba ɗaya, a tsakiyar kalma, kamar an rufe ƙofa. Ba wadda ta yi saura ko da numfashi. Filin ya yi tsit, har ana jin kukan akuya daga bayan katanga. Alhaji ya tsaya da takarda a hannu, taku kaɗan tsakaninsa da yarinyar, Surayya kuwa ta riga ta shiga tsakani. Ta ɗan rusuna.

"Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Ɗalibai ne, suna cikin darasi."

"To ai na gani, 'yata. Kyauta ce. Sun burge ni."

"Mun gode. A ba shugaban makaranta, ranka ya daɗe. Goshin nan iyayenta sun ce na sujada ne."

Ba ta ɗaga murya ba, amma a shirun nan har na kan katanga sun ji. Wani ya yi tari. Alhaji ya dube ta, ya dubi rumfa, ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba, ya mai da kuɗin aljihu.

"Boko ke nan," ya ce da mutanen rumfa.

Bai koma kujerarsa ba. Ya ce yana da baƙi daga Katsina, mutanensa suka tashi suka bi shi. Mai gabatarwa ya yi sauri ya kira wadda ta zo ta ɗaya a lissafi. Ba a sake waiwayar waƙar ba.

Bayan an watse, Malam Armaya'u ya kira ta ofis. Bai ce ta zauna ba.

"Kin kyauta. Kin ji daɗi yanzu? Damina saura ƙiris. In ruwa ya sauko a kan littattafan yaran nan, sai ki rera musu su bushe."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ta san ajin, ta san yadda suke takurewa a lungu in hadari ya taso. Ta ce:

"Da ya manna mata, ranka ya daɗe, da ba ta ga daminar a makaranta ba. Ba ita kaɗai ba kuma."

"Yarinya ɗaya da aji biyu!"

"Ni ba a ba ni amanar kwano ba."

Ya jawo jadawali ya ɗauki biro. "Daga Litinin babu darasin kiɗa a jadawali. Lokacin ya koma na lissafi. Ke kuma ki riƙe ɗakin karatu, tunda kina son shiru."

"To. Lokacin tara fa, na wa ne?"

"Wane irin na wa ne? Na yara ne, su ci abincinsu."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Ta fito ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofar makaranta masu babur na ta kiran Batsari. Inno na tsaye a gefe riƙe da hannun jikarta. Surayya ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta amsa a taƙaice, ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Ashe kina da baki," in ji ta. "Litinin za ta zo."

Ta ja yarinyar suka kama hanya. Sun ɗan yi nisa sai Jannat ta zame hannunta ta dawo da gudu.

"Malama, Rashida ta ce wai an cire darasinmu."

"An cire. Ku ci abincinku da wuri ranar Litinin, ku same ni ƙarƙashin dalbejiya."

"Daga farko za mu ɗauko?"

Surayya ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ɗaga wa mai babur hannu.

"Daga inda muka tsaya."