Tudun Dulal Khan

Hedimasta Motaleb ya sa an haƙe tudun da gidansa ke zaune a kai, saura wata biyu damina ta sauka. Ba hauka ya yi ba, karatu ne ya yi masa yawa.

Tun da ya bar aiki, shekara goma sha ɗaya, yake rubuta tarihin gundumar Dulalganj. A littafin nasa, Dulal ɗin da gundumar ta ci sunansa jarumi ne, Dulal Khan, ya shigo ta kogi da jirage arba'in. Kuma ikon Allah, da bincike ya yi zurfi sai ga shi kakan kakan Motaleb ne, an binne shi da takobinsa a gefen tudun gidan, ɓangaren kogi.

Kowa ya bar shi da abinsa, ban da Horipodo mai alewar madara. Shi kullum a rumfar shayi cewa yake kakarsa ta gaya masa Dulal mai sayar da nono ne a mashigar jirgi, a kansa kasuwa ta kafu.

"Hedimasta, jirage arba'in ɗin nan," in ji shi wata rana, "madara suka ɗauko ko kindirmo?"

Aka yi ta dariya har mai shayi ya ƙware. Motaleb ya koma gida ya rubuta wa masu kula da kayan tarihi su zo su tono takobin.

Matarsa Jahanara ta ce, "Baban Shefali, ƙasar nan kwando-kwando aka tara ta don kada ruwa ya ci mu. Ko waye a ciki, ƙyale shi ya ci gaba da riƙe mana gida."

Ya tuna mata cewa a aji uku ta tsaya.

Masana suka zo, suka yi kwana goma suna haƙa. Motaleb ya ciyar da su shinkafa da kifi, agwagin Jahanara suka ƙare a tukunya. Rami ya kai tsayin mutum biyu. Takobi dai babu. Sai tukwanen ƙasa birjik, masu faɗin baki, irin waɗanda har gobe ake kwantar da nono a ciki.

Labari ya kai kunnen Horipodo. Sai ya aiko wa Motaleb da kindirmo kyauta.

Su kuwa masanan murna kamar me. Suka ce tukwanen sun haura shekara ɗari uku, suka kewaye ramin da waya, suka kafa allo cewa kada wanda ya taɓa. Motaleb ya roƙa a bar shi ya cike ramin kafin ruwa. Suka ce sai izini ya fito daga Dhaka, babban birnin ƙasar, ya rubuta takarda, ai shi gwanin rubutu ne.

Ya rubuta uku. Kogi ya riga amsa zuwa.

Da rana tsaka ruwa ya sami ramin, ya fara zaizayar tudun ta ƙasa. Madafa ta fara tafiya. Jahanara ta fid da buhun shinkafa da awaki biyu cikin jirgin maƙwabta, ta jawo mijin ta wuyan riga, yana ta kiran akwatinsa da rubutun littafinsa ke ciki. Kafin la'asar ɗakin ya bi madafa, da akwatin, da Dulal Khan da jiragensa arba'in.

Yanzu a gidan mijin 'yarsu Shefali suke, a ɗakin ajiyar ƙaiƙayi. Inda gidan Motaleb yake a da, allon nan ne kawai ke leƙowa daga ruwa, yana gargaɗin kada wanda ya taɓa.